Ƙafa Uku, Uzuri Dubu

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka gara in faɗa da bakina tun wani bai faɗa mini ba: ni rago ne. Ba irin ragon da ke miƙe a tabarma da hantsi kowa na ganinsa ba, wannan ai mai gaskiya ne, bai yaudari kowa ba. Ni nawa ragwancin ya yi makaranta. Yana da littafin rubutu da kalkuleta, ya san nauyin ƙarfe da na katako, kuma in ya buɗe baki a majalisa sai a yi tsit ana saurare. Shekara da shekaru ke nan ina da babbar kyamara irin ta mutanen da, mai zugazugi da baƙin mayafi, amma duk wanda ya ce in nuna masa hotunan da na ɗauka da ita, amsa ɗaya yake samu: ban gama zaɓen ƙafar da zan ɗora ta a kai ba.

Kafin a fashe da dariya a bari in yi bayani, domin uzurin nan nawa yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma ya daɗe bai mutu ba. Ita wannan kyamara fuska biyu gare ta. A gaba akwai lensi, a baya akwai gilashi mai dushi-dushi, a tsakani kuma zugazugi mai miƙewa da tsukewa. Ba ta cin fim na naɗi, falle-falle ake ba ta. Ƙaramin da aka fi amfani da shi inci 4 ne da inci 5, babban kuma inci 8 da inci 10. Falle ɗaya na ƙaramin ya ninka fim ɗin kyamarorin hannu mai milimita 35 kusan sau 13, na babban kuwa ya ninka shi fiye da sau 50. Shi ya sa in ka ɗauki dattijo da ita sai ka ƙirga zaren rawaninsa, in ka ɗauki badala ka ga kowace tsaga da damina ta bari. To amma idon da ke ganin zaren rawani, shi ne kuma yake ganin ƙanƙanuwar rawar da kyamarar ta yi.

Aikin ma ba a yinsa da hanzari. Za ka lulluɓe kanka da mayafi, ka ga duniya a kife a jikin gilashi, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Ka ɗora gilashin ƙara girma, ka yi ta murɗa har abin ya fito tangaran. In kana son tsakuwar gabanka da hasumiyar da ke can nesa su fito tare, sai ka ɗan sunkuyar da lensi, bisa ƙa'idar da ake jingina wa Theodor Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904. Wannan sunkuyarwa sau da yawa ba ta wuce digiri biyu ko uku. Da ka gama, sai ka rufe lensi, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/22 ko f/32, ka ɗauko gidan fim ka cusa shi ta gaban gilashin. Daga wannan lokaci kai makaho ne. Ba ka ƙara ganin komai har ka zare murfin fim, ka latsa igiya, ka mayar da murfi. In kyamarar ta goce da faɗin ƙwayar gero sa'ad da kake cusa gidan fim, ba za ka sani ba sai ka dawo gida ka wanke.

Ga kuma lokaci. Ƙofar haske a tsuke take, don haka dole a bar ta a buɗe ta daɗe. Ko da rana tsaka, fim mai lamba 100 a f/32 yana neman wajen kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa. Da sassafe ko gab da magariba, lokacin da hasken ya fi daɗi, maganar daƙiƙa guda ake yi, ko biyu, ko goma. In ƙaramin abu kake so ya fito da ainihin girmansa, dole zugazugin ya miƙe ninki biyu na tsawon lensi, wato lensi mai milimita 300 ya ja shi har milimita 600, hasken da ake bukata kuma ya ninka sau huɗu. Duk wannan doguwar halitta a kan dunƙulen ƙarfe guda take zaune, a kan sukuru ɗaya tal, mai kaurin kwatan inci ko uku bisa takwas na inci. Saboda haka in na ce zaɓen ƙafa ba wasa ba ne, ban yi ƙarya ba. Ƙaryar tana wani wuri, za mu zo kanta.

Ƙafar da na fara saya, ragwanci ne da rowa suka haɗa baki suka zaɓa mini. Na shiga shago, na ɗaga wannan na ajiye, na ɗaga waccan na ajiye, har na kai ga wata da yatsa biyu suka ɗauke ta. A jikin kwalinta an rubuta tana ɗaukar kilo 8, ni kuma kyamarata da lensinta ba su kai rabin haka ba. Na yi lissafi, na ga ni ne da riba. A lokacin ban san cewa wannan lamba ba ta da alƙali ba. Babu wani ma'auni guda da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kansa, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Kuma ko an faɗi gaskiya, lambar cewa take yi ƙafar ba za ta durƙushe ba, ba ta yi alkawarin ba za ta yi makyarkyata ba.

Na hau Dala da ita cikin hunturu, ina ta yi wa kaina kirari saboda ko haki ban yi ba. Gari ya kwanta a ƙasa cikin hazo, hasken safiya ya bugi rufin kwano da sauran gine-ginen ƙasa, abin sai wanda ya gani. Ƙafar ta yi mini gajarta, sai na zaro sandar tsakiya har ƙarshe, wanda duk mai hankali ya san mayar da ƙafa uku ƙafa ɗaya ke nan. Iska na busowa tana cika zugazugi, kyamarar tana ɗan kaɗa kai, ni kuma ina gaya wa kaina ai ɗan kaɗan ne. Da na zo cusa gidan fim, sai na ji abin ya bi hannuna. Na mayar da shi da ido. Da na wanke, Kano ta fito bibbiyu: kowace hasumiya da 'yar'uwarta a gefe, gari kuma ya karkace ya nufi gabas. Babban ɗana ya ɗauki fim ɗin ya ɗaga a hasken taga, ya ce, "Baba, girgizar ƙasa aka yi ne?" Araha dai ba ta ado.

Mutumin kirki da ya ga haka zai nemo ƙafa mai ƙwari ya koma Dala kashegari. Ni ko sai na gano wata ni'ima: ashe ana iya zama a ɗaki, fanka na juyawa, shayi a gefe, mutum yana karatun ƙafafun kyamara, kuma kowa ya ɗauka aikin hoto yake yi. Daga nan na buɗe littafi na ja layi uku, katako da alminiyam da zaren kabon.

Katako shi ne na asali. Yana shanye girgiza nan da nan, ba ya ƙona hannu a zafin Afrilu, ƙurar hunturu kuma ba ta dame shi ba, tunda makullansa a fili suke, ka goge da tsumma ka wuce. Kamfanin Berlebach na Jamus tun 1898 yake wannan sana'a, a Amurka kuma akwai Ries, wanda masu manyan kyamarori suka daɗe suna yabo. Aibinsa nauyi da tsawo, domin yawanci gaɓa biyu gare shi, ko ka naɗe shi sai ya leƙo waje daga adaidaita sahu. Alminiyam ya fi araha, yana jure wulaƙanci, in ya lanƙwashe ana iya miƙar da shi. Lino Manfrotto, ɗan jarida mai ɗaukar hoto a garin Bassano del Grappa na Italiya, da irin wannan ƙarfe ya kafa sunansa a shekarun 1970. Sai dai in aka taɓa shi yakan daɗe yana kaɗawa kafin ya nutsu, in kuma ya sha rana sai ka nemi hanƙici kafin ka kama. Zaren kabon shi ne ango. Gitzo, kamfanin da Arsène Gitzhoven ya kafa a Faransa a 1917, shi ya fara fito da ƙafar kabon a 1994. Ba nauyi, ga ƙwari, ga saurin nutsuwa. Amma kuɗinsa yakan ninka na alminiyam, in ya tsage ba mai waldar da zai taimake ka, kuma rashin nauyin nan da ake yabo shi ne ke sa iska ta raina shi idan aka ɗora masa kai mai nauyi.

Duk wanda ya karanta wannan a tsanake ya ga inda maganar ta tsaya. Abu uku ake nema: sauƙin ɗauka, ƙwari, da araha. Biyu ake ba mutum. Mai sauƙi mai araha ba ta da ƙwari, mai ƙwari mai araha za ta karya maka kafaɗa, mai sauƙi mai ƙwari kuma za ta karya maka aljihu. Wannan na gane shi tun a makon farko. Amma da na amince da shi, da bincike ya ƙare, da bincike ya ƙare kuwa, da sai in tashi. Sai na ci gaba da neman wadda ta haɗa ukun, ina sane sarai ba a ƙera ta ba. Babu abin da ya kai neman abin da babu shi daɗi ga rago, tunda ba ranar da za a ce masa ga shi nan, miƙe.

Sau ɗaya zuciya ta ɗebe ni na yi abin maza. Na ga masu awon fili a bayan unguwarmu da ƙafarsu ta katako mai launin ɗorawa, mai tsinin ƙarfe da wurin taka ƙafa a nutsa ta cikin ƙasa. Na ce lallai abin da ke riƙe na'urar da ake raba gado da ita ba zai gaza riƙe kyamara ba. Na nemo tsohuwa na saya da rahusa. Sukurunta biyar bisa takwas na inci ne, bai dace da na kyamara ba, sai na kai wa wani mai injin juya ƙarfe ya yanka mini mahaɗi. Na kafa ta a tsakar gida, na ɗora kyamara, na miƙe zugazugi har ƙarshe, na sa ido a gilashi na ƙwanƙwasa ƙafar da yatsa. Ko gezau. Na jingina da ita, ko gezau. Wallahi wannan ƙafa ba ta da aibi ko ɗaya a wajen aiki.

Aibinta ɗaya, ta haura kilo 7. Ka haɗa da kai, da kyamara, da lensi biyu, da gidajen fim waɗanda kowanne falle biyu kacal yake ɗauka, da mayafi da na'urar awon haske da gorar ruwa, sai ka ga kayan sun doshi kilo 15. Na saɓa su na kai bakin titi, na tsaya na dubi sama, na ga hasken ranar bai yi ba. Kashegari ma bai yi ba. Hasken Kano, wanda bai taɓa yi wa kowa rowa ba, ya ɗauki watanni bai yi ba. Ƙafar ta samu wuri a kusurwar ɗaki. Da farko hulata aka fara ratayawa, daga baya jakar makarantar yara, da damina ta zo kuma aka ɗaure mata gefen gidan sauro. Uwargida ba ta taɓa yi mini gori ba, ta fi ƙarfin haka. Ranar da ta ga na shigo da wani dogon kwali, cewa kawai ta yi, "Sannu da zuwa, Malam. Ita wannan ta fita ce, ko ita ma ta zaman gida ce?"

Da maganar ƙafa ta fara tsufa, mutane suka fara gane ni, sai Allah ya kawo mini maganar kai, wato dunƙulen da ke tsakanin ƙafa da kyamara, wanda ke juya ta sama da ƙasa da gefe. Nan na samu sabuwar gona.

Akwai kai mai ƙwallo. Makulli ɗaya gare shi, ka sassauta kyamara ta juya duk inda kake so, ka ɗaure ta tsaya. Ga ƙaramar kyamara babu kamarsa. Ga babba kuwa, tamkar ka ɗora tulu cike da ruwa a kan lemo ne. Ka daidaita gefe da gefe, ka zo gyara sama da ƙasa, da ka sassauta sai duka su kwance tare. Na ari wani na gwada. Ina cikin mayafi na laluba na murɗa abin da na zaci na juyawa ne, ashe babban makullin ne. Kyamarar ta kifo gaba ta datse mini ɗan yatsa, na yi wata ƙara da ta sa almajiran da ke kallona suka watse, sannan suka dawo suna yi mini sannu suna ƙunshe dariya. Akwai ƙwararrun da ke aiki da irin wannan kai lafiya lau, musamman manya masu maɓallin rage santsi. Su sun san hannunsu, ni kuwa ranar na san nawa.

Akwai kai mai hannu uku, kowane hannu da aikinsa: ɗaya sama da ƙasa, ɗaya gefe da gefe, ɗaya kewayawa. Ka gyara ɗaya ka ɗaure, ka koma kan na biyu, na farkon yana nan inda ka bar shi. Da ɗan ma'aunin nan mai kumfa irin na magina sai ka daidaita kyamara cikin minti guda. Shi ne abin da yawancin masu wannan aiki suka rayu da shi. Laifinsa hannayen suna sarƙe mayafi, suna tsokanar haƙarƙari in ka saɓa. Akwai kuma dabarar 'yan fim, irin wadda ake gani wajen masu ɗaukar finafinanmu na Hausa: ƙafa mai ƙoƙo a sama, na milimita 75 ko 100, ka sassauta ka daidaita ka ɗaure. Wasu masu babbar kyamara a kan wannan ƙoƙo kawai suke ɗora ta, ba kai ba komai, su ƙarasa gyaran da motsin kyamarar kanta. Nauyi ya ragu, tsawo ya ragu, wurin rawa ma ya ragu.

Sai kuma wanda ya sace mini zuciya, kai mai haƙora. Ba a sassauta shi. Murɗawa kake yi, haƙoran ciki suna tafiya da kyamara kaɗan-kaɗan, inda ka saki nan ta tsaya. Ga mai ɗaukar gini, wanda yake son bangon Gidan Makama ya miƙe sak ba tare da ya jingina ba, wannan shi ne magani. Manfrotto suna da ƙarami mai lamba 410, nauyinsa ya ɗan haura kilo guda, an ƙayyade masa kilo 5, ya ishi ƙaramar kyamarar inci 4 da 5. Can sama kuma akwai Cube na Arca-Swiss, ɗan dunƙulen ƙarfe da farashinsa ya haura dala 1,000. Ban taɓa riƙe shi a hannu ba, amma na san shi fiye da yadda na san wasu 'yan'uwana. Na sha mayar da farashinsa naira, kuma duk sanda dala ta tashi sai in ji wani sanyi a raina, domin uzurina ya ƙara ƙarfi. Ina jin ni kaɗai ne a layinmu faɗuwar naira ta yi wa rana.

Wanda ya tsinka ni wani dattijo ne a unguwarmu, da ya yi zamani yana ɗaukar hoton fasfo a bakin titi, irin na tsaya-ka-karɓa. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da hannun riga baƙi a jiki. A cikin akwatin yake wanke takardar, ta fito baƙi ya koma fari, ya manna ta a allo ya sake ɗaukarta, sannan hoton gaske ya fito. Ba shi da igiyar latsawa, murfin lensi yake cirewa ya ƙirga a zuci ya mayar. Na je gaishe shi, da niyyar in burge shi da ilimina.

Na ce, "Baba, ƙafar akwatin nan naku wane kamfani ne ya ƙera ta?"

Ya ce, "Kafinta."

"Da wane irin katako?"

"Wanda ya samu."

"To in iska ta taso fa, Baba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake shan ruwa. "Sai in jira ta wuce mana. In ta ƙi wucewa in sa yaro ya tsaya ta inda take busowa, ya buɗe babbar riga."

Na shiga yi masa bayanin zaren kabon da yadda yake shanye girgiza. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Madalla, ɗana, ka yi karatu. Da waccan ƙafar na aurar da 'ya'yana, na sauke farali. Kai taka me ta saya maka?" Na ce ai ni ba don kuɗi nake yi ba, sha'awa ce. Ya ce, "To kawo hotunan sha'awar mu gani." Na ce masa la'asar ta gabato.

Abin haushin, tarihin da nake ta haddacewa ma ba ya bayana. Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, yana aiki da kyamara mai fim santimita 13 da 18, yawanci a tsakar gida da hasken rana, kuma saboda tsadar kaya sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, ba wanda ya tsaya gabansu yana tambayar ƙafar da aka yi aiki da ita. Vittorio Sella na Italiya ya hau duwatsu masu ƙanƙara da faranta na gilashi masu santimita 30 da 40, ya je Ruwenzori a 1906, ya je yankin K2 a 1909. Ni kuwa sake hawa matakalar Dala ma ya gagare ni. Ansel Adams, ranar 1 ga Nuwamba 1941, yana tuƙi a jihar New Mexico ya hango wata ya fito a kan ƙauyen Hernandez, rana tana gab da faɗuwa. Ya taka birki, ya kafa kyamarar inci 8 da 10 a gurguje, ya nemi na'urar awon haske bai gan ta ba, ya yi lissafi da ka daga hasken watan, ya ɗauki falle ɗaya. Kafin ya juya gidan fim ya ɗauki na biyu, hasken ya bar maƙabartar ƙauyen. Wannan falle ɗaya yana cikin hotunan da suka fi shahara a ƙarni na 20. Da ni ne a motar, da rana ta faɗi ina kwatanta katako da alminiyam.

Yanzu ga inda ƙaryar take. Nauyi gaskiya ne, kafaɗata shaida ce, amma ba shi kaɗai ke zaunar da ni ba. Fim ɗin nan daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa, kowane falle yana da farashin da za ka ji a jikinka. Kuma in ka wanke shi ba ya jin kunyar kowa. In ƙafa ta tsaya daram, kai ya riƙe, iska ta kwanta, hoton kuma ya fito tangaran amma ba shi da rai, to wa za a ɗora wa laifi? Ba sauran kamfani, ba sauran hunturu, sai mai idon. Muddin ban gama zaɓen ƙafa ba, ni babban mai hoto ne wanda kayan aiki suka tauye. Ranar da na gama, zan koma mutum mai matsakaicin ido da ke ɓata fim mai tsada. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ni kuma na riƙe wannan karin magana na mayar da ita sana'a, alhali ba wanda ya taɓa iya rawa a zaune.

Duk da haka karatun rago bai tashi a banza ba, kuma tunda ni bai amfane ni ba, bari ya amfani wani. In kana da irin wannan kyamara, ka saya wa wadda ke hannunka ƙafa, ba wadda kake mafarkin mallaka ba. Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Ka je da kyamararka, ka ɗora, ka miƙe zugazugi, ka sa gilashin ƙara girma, ka ɗan bugi ƙafa ɗaya ka ga tsawon lokacin da hoton zai ɗauka kafin ya nutsu. Ka kama saman ƙafar ka murɗa hagu da dama, in ta bi hannunka ka bar musu abinsu. Ka cusa gidan fim ka zare, ka sake dubawa ko saitin yana nan. Ka nemi wadda za ta kawo gilashi daidai idonka ba tare da ka zaro sandar tsakiya ba, mai gaɓoɓi kaɗan masu kauri. A wajen kai, mai hannu uku ya ishe ka, in gini ka fi ɗauka kuma aljihu ya yarda ka nemi mai haƙora. A fili, ka sa ƙafa ɗaya ta fuskanci inda lensi ya dosa, ka tsaya tsakanin biyun baya. Ka riƙe lema ta gefen iska, kada ta taɓa kyamara. In za ka rataya jaka don ƙarin nauyi, ka bar gindinta ya taɓa ƙasa, in ba haka ba lilo za ta yi. In ka zare murfin fim, ka ɗan dakata komai ya lafa kafin ka latsa. Bayan hunturu ka kwance makullai ka goge, kada ka cika musu mai, domin mai ƙura yake kira.

Sharaɗi na ƙarshe ya fi duk waɗannan: kafin ka biya, ka saɓa ta tare da sauran kayanka ka zaga da ita. Wadda ta fi kowace ƙwari a cikin waɗanda za ka iya ɗauka ba tare da ka fara duban sama kana neman laifin haske ba, ita ce taka. Ka biya, ka rufe littafin, kada ka sake buɗe shi. Ni kuma ina roƙon alfarma ɗaya. Duk wanda ya gan ni a shago ina ɗaga wata ƙafar kyamara ina tambayar nauyinta, kada ya ba ni shawara, na fi shi sanin amsar. Ya tambaye ni falle nawa na wanke a wannan wata, kuma kada ya tafi sai na ba shi amsa.